Yatsa Huɗu Daga Ƙasa

Sarfraz Gondal ya yi shekara talatin a ma'aunin kamfanin sukari da ke bayan garin Kot Sardara, yana zaune a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya yana rubuta nauyin motocin rake. Ranar da ya yi ritaya aka rataya masa furanni a wuya, aka ba shi agogon bango, ya dawo gida ya kwanta. Da gari ya waye sai ya gano ashe shi injiniya ne, ƙaddara ce kawai ta ɓoye shi a bayan taga.

Bai yi wata-wata ba ya tafi birnin Lahore, ya dawo da wani jan ƙoƙon mota na roba, irin na masu tsere, mara rufi, mai kujera biyu. Ya sayi gawar wata ƙaramar mota da ta yi karo da bishiya, ya cire injinta da ƙafafunta, ya baje komai a tsakar gida. Shekara biyu matarsa Kausar tana tsallake ƙarafa kafin ta kai ga murhu. In ta nemi kwanon kwaɓa gari, sai ta tarar da shi cike da notuna a cikin baƙin mai.

Abin takaicin shi ne motar ta tashi. Daga ranar ba wanda ya ƙara iya yi wa Sarfraz magana.

Aiki ɗaya ya rage, saita tsayinta daga ƙasa. Kowace taya tana da nata sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da yake ɗaukar nauyin mota, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani zobe mai zare. Ka murɗa shi sama motar ta ɗaga, ka murɗa shi ƙasa ta sauka. Aikin yini ɗaya ne ga mai jin magana.

Ranar Litinin da hantsi Sarfraz ya shiga rumfar mai shayi da tef ɗin awo rataye a wuya, ya yi gyaran murya.

"Bana Chacha Dulla ba zai shiga filin biki a keken doki ba," ya ce. "Na gama magana da kwamiti. An sallami mai doki, har an buga sunana a ƙyallen sanarwa. Ni zan kai shi, a motata."

Chacha Dulla tsohon ɗan kokawa ne, shi yake buɗe wasan kabaddi, wani irin wasan kama-kama mai kama da kokawa da ake yi ƙungiya-ƙungiya, a bikin da ake yi kowace shekara bayan girbin alkama. Ya yi shekara ashirin da barin kokawa, amma bai bar cin abincin 'yan kokawa ba.

Ustad Boota, bakaniken kan titin tasha, ya ajiye kofinsa. Shekara arba'in ya yi yana kwana a ƙarƙashin motocin mutane, bai cika magana ba.

"Gondal sahib, wane tsayi za ka ba ta?"

"Yatsa huɗu daga ƙasa. Haka motocin tsere suke."

"Motocin tsere ba su taɓa ganin titin Kot Sardara ba. Ka ba ta taƙi ɗaya ko fiye. Ka auna a ƙasa mai daidai. Ka cika tanki, ka sa mata nauyin da za ta ɗauka. Kuma duk murɗa ɗaya, ka tura ta gaba ka dawo da ita baya, don sifirin ya zauna kafin ka sake aunawa."

Sarfraz ya dube shi da tausayi. "Ustad, kai gyara ka iya. Ni ƙira nake yi. In likita yana magana, mai gyaran ƙashi ya saurara."

"To, likita," in ji Ustad, ya ɗauki kofinsa ya ci gaba da shan shayi.

Sarfraz ya koma gida ya kwanta rigingine a tsakar gida da sifana. Tsakar gidan kuwa, kamar ta kowa, a gangare take zuwa bakin kwata don ruwa ya wuce. A nan ya yi awonsa. Zuwa la'asar motar ta kwanta ƙasa ƙasa, yatsa huɗu cif ta kowane gefe. Ya shiga, ya tayar, ya danna hon sau uku don unguwa ta shaida, ya nufi ƙofa.

Tayoyin gaba suka haye dokin ƙofa lafiya. Sai aka ji ƙuuuu, cikin motar ya hau kan siminti. Gaba a titi, baya a gida, tayoyin baya suna juyawa a iska.

Maasi Sughran, tsohuwar maƙwabciyarsu, tana kan soro tana shanya barkono. Ta leƙo.

"Kausar! Ke Kausar! Mijinki zai fita ne ko zai shiga?"

"Wallahi Maasi shi ma bai sani ba," in ji Kausar daga madafa.

"Gwaji nake yi!" Sarfraz ya ɗaga murya. "Ana gwada ƙarfin ciki!"

Ya yunƙura zai fito, motar ta yi gaba. Ya koma ya zauna, ta yi baya. Haka ya yi ta lilo a bakin ƙofarsa har aka fito daga masallaci, maza takwas suka kama ta suka ɗaga da shi a ciki, suka dire a titi. Wani daga cikinsu ya ce, "Gondal sahib, kullum in za ka fita sai an tara jama'a ke nan? Ka gaya mana lokaci mu riƙa shiri."

"Motar ba ta da laifi," in ji Sarfraz. "Gidan ne ya yi tudu."

Washegari ya ɗauko guduma ya farfashe dokin ƙofar da mahaifinsa ya gina. Da yamma aka yi ɗan yayyafi, ruwan titi ya shigo gida ya gaida Kausar har ɗaki.

A kan titi kuma sabon abu ya fito. Motar da take daidai a gangaren tsakar gida, yanzu ta karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya. Sarfraz ya shiga ƙarƙashi ya murɗa zoben hagu. Ya fito ya auna, ba ta motsa ba, don bai tura ta ba. Ya ƙara murɗa goma. Shiru. Ya ƙara goma. Yana cikin ƙirga na gaba Kausar ta kira shi cin abinci, da ya dawo ya manta ko sama yake murɗawa ko ƙasa, ya manta ma wace taya ce. Sai ya bi dukansu ya ba kowace rabonta, don kada a ce ya yi son kai.

Da ya tuƙa ta zuwa ƙarshen layi ya dawo, sifirin duka suka zauna a lokaci guda. Baya ya tashi sama, hanci ya sunkuya ƙasa.

"Kai, madalla," in ji Maasi Sughran daga soro. "Kaza ce tana tsintar tsaba. Ƙwai nawa take yi a rana?"

Ranar Laraba ya ɗaga gaban. Yanzu kuma hanci ya dubi sama, baya ya zauna.

"Yau kuma duban wata take yi," in ji Maasi. "In ta gani a gaya mana mu yi shirin salla."

Ranar Alhamis Ustad Boota ya biyo ta layin a kan babur ɗinsa. Ya tsaya, bai ko kashe babur ɗin ba, ya dubi motar ya dubi ƙafafun Sarfraz da suka leƙo daga ƙarƙashi.

"Likita, yaya mara lafiya?"

"Tana samun sauƙi."

"Ka sa nauyi a kujera kuwa? Chacha Dulla ya fi buhu biyu da rabi na alkama."

"Yanzu nake shirin yi," in ji Sarfraz daga ƙarƙashi. "Tun farko yana cikin tsarina. Kai dai ba ka da haƙuri."

Ustad yana wucewa, Sarfraz ya fito da sauri ya shiga gida. Ya tarar da Kausar tana murza gurasa. Ya tsaya yana kallonta daga sama har ƙasa, ido a ƙanƙance, irin kallon da yake yi wa motocin rake.

"Lafiya?" ta ce.

"Uwar Shazia, ke yanzu kilo nawa za ki kai?"

Hannunta ya tsaya a kan abin murzar.

"Ba wani abu ba ne," ya ce. "Na yi lissafi, in kika zauna a kujera, Maasi Sughran ta zauna a cinyarki, za ku yi Chacha Dulla ɗaya. Ƙila ma ke kaɗai..."

"Ƙarasa," in ji Kausar a hankali. "Ƙarasa mana, Gondal sahib. Ina jin ka."

Bai ƙarasa ba. Ya ce to a ba shi buhu uku na alkama. Ta ce alkamar da ta wanke ta shanya ta adana don cin shekara ba za ta shiga warin fetur ba, ta ɗauki makullin ɗakin ajiya ta ɗaure a bakin mayafinta, ta ce in yana so ya zo ya kwance.

Sarfraz ya fita yana ƙunƙuni. A bakin layi ya ga amalanken mai ƙaiƙayi, idonsa ya yi haske. Ya sayi manyan buhuna uku, ya ɗora su a kujerar hagu, ya daddanna su har suka yi faɗin Chacha Dulla da tudun cikinsa. Ya yafa musu mayafi, ya naɗa wa na sama rawani don ya ga inda kai zai tsaya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana auna nauyi ya ja da baya, ya dubi ƙaiƙayi, ya ce, "Shi ke nan. Kamar an tsaga kara."

Maasi Sughran ta gyara lulluɓi ta gaida buhunan. "Chacha, an zo lafiya? Ka rame fa."

A kan wannan nauyin ya yi saitinsa na ƙarshe. Zuwa ranar Asabar, ko dai da iyawa ko da gajiyar sifirin, motar ta tsaya daidai, yatsa huɗu ta kowace kusurwa. Sarfraz ya je rumfar shayi ya zauna inda Ustad zai gan shi, ya yi ta ɗaga yatsu huɗu ga duk wanda ya shigo.

Ranar Lahadi bayan azahar gari ya cika. Makaɗa biyu da manyan ganguna suka tsaya a ƙofar gidan Chacha Dulla. An yi wa motar ado da furanni har ba a ganin fitilunta. Sarfraz ya sa fararen kaya masu sitati da baƙin tabarau, ya zauna a bayan sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Chacha Dulla ya fito yana share gashin baki, ya gama da kwano na biyu na lassi, damammen kindirmo. Ya dubi motar, ya dubi Sarfraz.

"Ɗana, wannan ita ce motar, ko takalminta ne?"

"Shiga ka ji daɗi, Chacha. An saita ta daidai jikinka."

Chacha ya sa ƙafa ɗaya, ya sa ta biyu, ya ce bismillahi, ya saki jiki. Motar ta yi wani nishi da aka ji har bakin layi. Gefen hagu ya sauka ya sumbaci ƙasa, gefen dama ya tashi, Sarfraz ya sami kansa a sama yana kallon rawanin Chacha daga bisa.

"Haka take?" in ji Chacha.

"Haka take. Tana gaishe ka ne."

Suka kama hanya. Makaɗa a gaba, jama'a a baya, mota a tsakiya tana jan ciki tana tartsatsin wuta. A kwanar kasuwa salansa ta cire ta zauna a titi. Ƙarar injin ta danne ganguna, har makaɗan suka juyo suna harara. Wani mai sayar da lemo ya ɗauko salansar da tsumma ya bi su yana kira, "Gondal sahib, kayanka sun faɗi!"

"Bar ta!" Sarfraz ya yi ihu. "Dama nauyi take ƙarawa!"

Filin biki yana hayin layin dogo ne. Titin yakan hau ɗan tudu, ya tsallake ƙarafan jirgi, ya gangara ta gefen kududdufin da ɓaunayen gari suke wanka, sannan ya shiga fili. Ustad Boota yana tsaye a gindin tudun da babur ɗinsa. Ya ɗaga hannu.

"Gondal sahib, tsaya! Chacha ya sauka ya taka da ƙafa, in ka haye sai ya koma."

"Babban baƙo ya taka da ƙafa a gaban jama'a? Ustad, matsa. Gudu kawai take so."

Ya taka mai. Motar ta hau tudun da ƙara, hancinta ya tsallake, sai ƙarrr, cikinta ya ɗare kan ƙarfen jirgi ya zauna daram. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ganguna suka yi shiru.

Mai gadin mahadar ya fito daga ɗakinsa da gudu, jar tuta a hannu.

"Wane ne wannan? Ku cire min wannan bahon daga kan layi! An buga waya, jirgin ƙarfe huɗu ya baro tasha!"

Sarfraz ya cire tabarau. "Malam, layin nan naku ya yi tudu da yawa. Ba yadda za a ɗan sauke shi?"

Mai gadin ya juya ya ruga kan layi yana kaɗa tuta ta inda jirgi zai fito.

"Chacha, fito!" jama'a suka yi ta kira.

Chacha Dulla ya dafa ƙofa ya yunƙura. Ko motsi. Ya sake yunƙurawa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Kujerar ta kama ƙugunsa ta ƙi saki.

"Sarfraz," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Na yi kokawa da maza ɗari uku, ba wanda ya taɓa riƙe ni haka. In jirgin nan bai kashe ka ba, ni zan ƙarasa."

Labari ya kai fili. Mai lasifika, da yake ta sanar da isowar motar da ɗan gari ya ƙera da hannunsa, ya canja murya ya ce duk mai ƙarfi ya garzaya layin dogo. 'Yan kabaddi na ƙungiyoyi biyu suka taho da gudu, daga su sai gajeren wando, jiki sharkaf da mai. Suka dafa motar suka ce ɗaya, biyu, uku. Hannuwa suka zame a kan roba, mutum shida suka kifa a kan juna. Suka sake, suka sake zamewa. Jar mota ta yi ta ƙyalli kamar an soya ta.

Daga nesa aka ji kukan jirgi.

Sarfraz ya diro daga kujerarsa ya hau ba da umarni. "Ku kama ta nan! A'a, ban da nan, fenti ne! Kai, cire ƙafarka daga fitila! Wa ya ga sifanata? Murɗa shida kawai take so ta hagu!"

"Rufe mana baki, likita," in ji Ustad Boota. Ya ture shi gefe. "Ku bar motar, ku ciro mutumin! Ina mai? Ku kawo man!"

Aka miƙo kwalbar man shafawar 'yan wasa. Ustad ya tuttula ta a ƙugun Chacha, dama da hagu, har cikin aljihu. Mutum huɗu suka kama hannun dama, huɗu suka kama na hagu, sauran suka kama ƙugun na gabansu kamar masu jan igiya. Jirgi ya sake kuka, yanzu har ana ganin hancinsa, birkinsa yana ƙara.

"Ja!"

Chacha Dulla ya fito fut, kamar an zare toshiyar kwalba, ya tafi da mutum goma sha biyu ƙasa, wandonsa kuma ya zauna a kujera.

Motar kuwa, da ta ji an sauke mata kaya, ta miƙe a kan sifirinta, cikinta ya rabu da ƙarfe. Ta ɗan yi jim. Sai ta fara gangarawa gaba ita kaɗai, a hankali, da furanninta da wandon babban baƙo.

"Birkin hannu!" Ustad ya yi ihu. "Ja birkin hannu!"

"Yana gida," in ji Sarfraz. "Ban ɗaura ba tukuna."

Ya bi ta da gudu yana kira, "Tsaya! Tsaya mana!" Ta ƙara sauri. Ba ta taɓa tafiya mai daɗi irin ta wannan gangaren ba, ba ƙara, ba tartsatsi. A kwanar da titi ya karya zuwa fili ita ba ta karya ba. Ta sauka daga kwalta, ta ratsa ciyawa, ta shiga kududdufi tsakanin ɓaunaye biyu, ta yi ɗan iyo, ta zauna a laka.

Jirgin ya iso yana jan ƙafa, ya wuce a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Fasinjoji suka cika tagogi suna kallon wani ƙaton tsoho yana ɗaura ƙyallen sanarwa a ƙugu, da sunan Sarfraz Gondal baro-baro a bayansa, da wani siririn mutum cikin fararen kaya yana kutsawa cikin ruwan ɓaunaye.

Duk garin ya taru a bakin kududdufi. Har Kausar da Maasi Sughran sun iso, suna tsaye a gefen mata. Ba wanda ya tuna da kabaddi.

Sarfraz ya shiga ruwa har ƙirji. Ya zagaya motar ta dama, ya sunkuya ya duba. Ya ture wata ɓauna, ya zagaya ta hagu, ya sake dubawa. Ya je gaba, ya je baya. Sai ya ɗago, fuskarsa duk laka, yana murmushi har kunne.

"Ustad! Zo ka gani da idonka! Ruwan ya tsaya daidai bakin ƙofa ta dama, daidai bakin ƙofa ta hagu. Gaba da baya duk ɗaya! Wa ya ce ban iya saiti ba?"

Ustad Boota ya matso bakin ruwa, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya ya duba da kyau, kamar yadda bakanike yake duba aikin ɗan'uwansa.

"Gaskiya ne, Gondal sahib," ya ce. "Ta daidaitu. Kada ka ƙara taɓa ta."

Chacha Dulla, da yake tsaye a bayansa riƙe da ƙyalle a ƙugu, ya ce shi ma shawararsa ke nan, kuma duk ranar da ya ji an ce motar ta fito daga ruwa, zai zo da kansa ya mayar da ita, da mai ita a ciki.

Tana nan har yau. Ɓaunaye suna sosa wuya da madubinta.